Daga Hannun Ungozoma Zuwa Hoton Ciki a Katsina

Kafin zuwan asibiti, ungozoma ce ke duba masu juna biyu a birnin Katsina, tana shafa ciki domin gane kwanciyar ɗa, amma girman kansa ba ya bayyana sai ranar haihuwa. A 1958 Ian Donald na Jami'ar Glasgow ya wallafa bincikensa kan hoton ciki, wato amfani da sautin da kunne ba ya ji wajen nuna abin da ke mahaifa, sannan a 1968 Stuart Campbell ya kyautata hanyar auna faɗin kan ɗan tayi. Da wannan awo ne likitocin Asibitin Turai 'Yar'aduwa ke ƙiyasta watannin ciki, da hoton cikin kuma suke gano taruwar ruwa a ƙwaƙwalwar ɗan tayi tun kafin naƙuda.