Wasannin da 'Yan Kwaskwarima Suka Haifa

Yawancin samarin da ke duƙufa a kan waya suna buga PUBG ba su san daga inda wasan ya taso ba. Wani ɗan ƙasar Ireland ne, Brendan Greene, yana zaune a Brazil, ya ɗauki wasan wasu ya yi masa kwaskwarima a 2013: a zube 'yan wasa a fili ɗaya, kowa ya nemi makami, wanda ya rage a raye shi ne gwani. Shi kansa wasan da ya taɓa, DayZ, kwaskwarima ce da Dean Hall ya yi wa ARMA 2 a 2012. Daga baya kamfanin Bluehole na Koriya ta Kudu ya ɗauki Greene aiki, PUBG ya fito a 2017.

Wannan sana'a, da 'yan wasa ke kira mod, ta samu gindin zama ne da Doom a Disambar 1993. Kamfanin id Software na jihar Texas ya lura mutane na fasa wasansa na baya, Wolfenstein 3D, suna sauya hotuna. Maimakon ya ƙara kwaɗo, sai John Carmack na kamfanin ya ware taswira da hotuna da sauti a fayil daban mai suna WAD, ya bar injin wasan a gefe. Ka sauya abin da ka ga dama, injin na nan lafiya. A ganina wannan shawara ta fi duk wani dodo da ke cikin Doom muhimmanci, kuma har gobe ana ƙirƙira masa sabbin taswirori.

Half-Life na kamfanin Valve ya fito a 1998. Shekara na zagayowa, wani ɗalibin jami'a a Kanada, Minh Le, da abokinsa Jess Cliffe suka mayar da shi fafatawa tsakanin 'yan ta'adda da jami'an tsaro. Counter-Strike ke nan. Valve ta saye shi a 2000, ta haɗa da yaran. Idan za a tambaye ni wanda za a fara gwadawa a kwamfuta, shi zan ce, in dai mutum zai jure shan kashi a makon farko.

Mu ma mun ɗanɗana, ko da ba mu san sunan abin ba. A gidan gem na zamanin PlayStation 2, faifan ƙwallon da mai shago ke sakawa sau da yawa tsohon Winning Eleven ne ko PES da aka yi wa faci. Sai ka ga ɗan wasan da aka saya makon jiya sanye da sabuwar riga, sunansa daidai, amma fuskar ta wani ce daban. Babu mai ƙorafi, muddin yana gudu. A Brazil irin wannan faci, Bomba Patch, har ya zama suna da kansa tun 2007.

Wanda ya yi sake shi ne kamfanin Blizzard. A cikin wasansa Warcraft III aka gina taswirar DotA a 2003, hannu ya yi ta karɓa daga hannu har ta iso wajen wani da ake kira IceFrog. Blizzard na kallo Valve ta ɗauke shi aiki a 2009, ta fitar da Dota 2 a 2013, kuma kyautar gasar duniyarsa ta 2021 ta haura dala miliyan 40. Kamar a gonarka aka shuka, maƙwabci ya girbe. Da Blizzard ya sake fitar da Warcraft III a 2020, sai ya rubuta a sharuɗɗansa cewa duk wasan da wani ya ƙirƙira a ciki mallakin kamfani ne.