Sabon Zango: Unguwar da Gari Ya Zo Ya Tarar

Wanda ya tsaya yau a tsakiyar Sabon Zango, cunkoson Abosse Okai na gefe guda, asibitin Korle Bu na ɗaya gefen, da wuya ya yarda cewa daji ne iyayenmu suka sara suka zauna. Amma haka abin yake.

Tarihin ya faro ne daga cikin tsohon garin Akara, wanda dattawa har gobe ke kira Ankara. Bayan Turawan Ingila sun ɗauke hedkwatar mulkinsu daga Cape Coast zuwa nan a 1877, fatake 'yan goro da malamai da tsofaffin sojan Hausa suka yi ta kwararowa bakin teku. Malam Idrisu Naino, mutumin Katsina, ya sami fili daga sarakunan ƙabilar Ga, ya kafa Zangon Malam a 1881. Ya rasu a 1893, daga baya kuma gardama ta ɓarke kan limancin babban masallaci tsakanin Hausawa da Yarabawa da sauran Musulmi, ta ɗauki shekaru ba ta lafa ba. Ga ƙuncin wuri, ga annobar da ta faɗa wa garin a 1908, wadda ta sa Turawa rushe gidaje.

A wannan hali ne ɗansa, Malam Bako, ya nemi sabon fili a yammacin tafkin Korle, ya tashi da jama'arsa wajejen 1912. Abin lura shi ne yadda ya zaunar da wurin. Shi ke yanka fuloti ya ba wanda ya aminta da shi, a gina gida irin na ƙasar Hausa, da zaure da cikin gida, maigida kuma ya sauki baƙin da suka zo fatauci. Saboda haka gida a Sabon Zango masauki ne tun asali, kuma da shi ake gane matsayin mutum.

Sannu a hankali gari ya zo ya kewaye unguwar. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a 1969 ta kwashe iyalai da dama, wasunsu a nan aka haifi ubanninsu. Gidajen da suka rage kuwa aka yi ta tsaga su ɗaki-ɗaki ana ba 'yan haya, har zaure ma bai tsira ba, magudanun ruwa suka kasa ɗauka.

Yanzu unguwar na ƙarƙashin ƙaramar hukumar Ablekuma ta Tsakiya, an kuma kafa Asusun Raya Zanguna a 2017. Sai dai babban abin da ya shafi 'yan uwa mazauna Kumasi da Legas da Landan shi ne gidajen gado. Fili a tsakiyar Akara ya yi tsada ƙwarai, masu saye na zagayawa, alhali gidaje da yawa magadansu sun watsu cikin duniya, ba a zauna an raba gadon ba tun zamanin kakanni.