Tsakanin Uwar Igiya da Ƙugiya: Tarihin Ɗaurin Masunta

Kowace fatsa da kowane mamari suna da sassa uku: uwar igiya, ƙugiya, da guntun zaren da ke haɗa su. Guntun nan ya fi uwar igiya siranta, kuma da gangan ake yin sa haka. Kifi ba ya saurin ganinsa, sannan idan ƙugiya ta maƙale a saiwa ko dutse, shi ne zai tsinke, uwar igiya ta tsira. A mamari, inda ake jera ɗaruruwan ƙugiyoyi kusa da juna ba tare da an sa musu abinci ba, don su sarƙe tarwaɗa da sauran kifayen da ke bin ƙasan ruwa, kowace ƙugiya tana da nata zaren da ƙulli biyu, ɗaya a wuyanta, ɗaya a jikin uwar igiya. A wajen waɗannan ƙulle-ƙulle ake gane wanda ya gaji sana'ar su da wanda ya shigo jiya.

Sarkawan Kabi da na Yawuri, da masuntan da suka bi ruwa har Binuwai da Tafkin Cadi, da hannunsu suke tufka igiya. Rama ce ke ba da uwar igiya, auduga da zaren bawon tumfafiya kuma su ba da sirara, maƙera su ƙera ƙugiya. Irin wannan zare yana da kaushi, yana kumbura idan ya sha ruwa, saboda haka ƙulli mai sauƙi ma yana kamawa gam. Illarsa ruɓewa. Dole a shanya shi bayan kowace fita, wasu su jiƙa shi a ruwan bagaruwa don ya daɗe, duk da haka gyara ba ya ƙarewa. Ƙugiyar kanti ta riga zaren kanti isowa. Kamfanin Mustad na ƙasar Norway, wanda ya fara ƙera ƙugiya a 1877, ya cika kasuwannin Afirka ta Yamma da kwalayensa masu tambarin mabuɗi, kuma da su masunta suka saba kiran girman ƙugiya da lamba.

Babban sauyi ya zo da nailan, wanda kamfanin DuPont na Amurka ya ƙirƙiro a 1935. Ya bazu a Tafkin Cadi daga ƙarshen shekarun 1950 zuwa cikin na 1960, kamu ya ƙaru ƙwarai, fataucin banda ya bunƙasa. Sai dai nailan, musamman zaren roba mai sili ɗaya, yana da santsi, ba ya kumbura. Ƙullin kakanni ya riƙa zamewa, giwan ruwa ya tafi da ƙugiya, a jawo zare da ɗan murɗaɗɗen baki, alamar cewa kwancewa ya yi, ba tsinkewa ba. Masunta suka sake koyon ɗauri. Aka koma naɗa zaren sau da yawa a wuyan ƙugiya kafin a zura bakinsa a ja, ana jiƙa ƙullin da yawu kafin a tsuke shi don kada zafin gogayya ya raunana shi, ana ƙona bakin zaren ya dunƙule. Kan uwar igiya kuwa an fi son ɗaurin da ke naɗe ta ya ciji jikinta, yadda zaren ba zai yi ta zarya yana haɗe ƙugiyoyi wuri guda ba. Wannan gyara masunta ne suka yi shi da kansu a bakin ruwa, kuma ya cancanci yabon da ake yi wa zaren shi kaɗai.

A Kamaru sana'ar ta bi madatsun ruwa. Tafkin Maga na 1979 da na Lagdo a kan Binuwai na 1982 sun jawo masunta Hausawa tare da Kotoko da Musgum da wasu kabilu. Hausawan Duwala kuwa, waɗanda unguwarsu ke New Bell, yankin da Jamusawa suka keɓe wa baƙar fata gab da yaƙin 1914, an fi saninsu da fatauci da fawa. Amma garinsu ne ƙofar kayan aikin: ta tashar jiragen ruwan Duwala kayan waje ke shigowa, su hau jirgin ƙasa da ya isa Ngaundere a 1974, mota ta ƙarasa da su Garwa da Marwa da Kuseri, busasshen kifi ya biyo hanyar zuwa kudu. A bakin kogin Wuri da kasuwar kifi ta Youpwé ruwan gishiri ne ke da iko, yana cin ƙarfe, ga kifayen teku masu haƙora, don haka a can ana son zare mai kauri da ƙugiyar da ba ta saurin tsatsa.

Turawa ma sun bi irin wannan tafarki a fatsarsu ta ƙudan ƙarya, wato ƙugiyar da ake yi wa ado da gashin tsuntsu ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi. A nan nauyin igiyar ne ke kai jifa, saboda haka zaren gaba yakan fara da kauri ya ƙare da siranta, tsawonsa kamar ƙafa 9. Da gashin wutsiyar doki suka fara, suka koma zaren da ake cirowa daga cikin tsutsar siliki, wanda yankin Murcia na Sifen ya shahara da shi, sai nailan ya kore shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Tun da igiya mai rufin roba ta fito a shekarun 1950, hanyoyi biyu suka fi yawa wajen haɗi. Ɗaya ita ce a jera ƙusa ko siririn bututu da bakin igiyar, a naɗe su da zaren, a zura bakinsa ta gurbin, a zare ƙusar a tsuke, ƙullin ya nutse cikin robar ya wuce ta zoben sandar fatsa ba tare da ya maƙale ba. Ɗayar kuma ita ce a yi wa kowanne kunne a sarƙa su, yadda za a canza zare ba sai an yanka igiya ba.

A 'yan shekarun nan masu irin wannan fatsa suna zuwa kogin Faro a arewacin Kamaru da rani. Idan giwan ruwa suke nema, da dare, sukan sa zare mai kauri saboda kaushin bakinsa da kaifin marfin kunnensa. Idan kuwa tsage ne, sai an ƙara guntuwar waya tsakanin zare da ƙugiya, domin haƙoransa suna datse nailan a cizo ɗaya.