Zuwa tsibiran kogin Isa: yadda ake lissafin lokacin sauka da na komowa

Daga iyakar Mali zuwa ta Najeriya, kogin Isa yana ratsa ƙasar Nijar tsawon kimanin kilomita 550, kuma a wannan tsakani akwai tsibirai birjik, manya da ƙanana, waɗanda Zabarmawa ke kira gungu. Wasu da gari a kansu, kamar Ayorou Goungou, da Neini Goungou da ke cikin birnin Yamai, da Lete a yankin Gaya. Wasu kuwa gonaki ne kawai da wurin kiwo, ruwa ya rufe su wata uku ya sake su. Mai niyyar zuwa ɗaya daga cikinsu, ko don kasuwa, ko biki, ko shan iska da iyali, yakan tambayi kuɗin jirgi da tsawon tafiya, ya tsaya nan. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce wadda ta fi ɓata wa mutane yini: daga sa'ar da jirgi ya iso gaban tsibiri zuwa sa'ar da mutum na ƙarshe ya taka tudu, minti nawa ne?

Isowa daban, sauka daban

Mafi yawan tsibiran kogin ba su da ginanniyar tasha. Inda ake sauka gaɓa ce ta laka ko ta yashi, kuma tana matsawa gaba ko baya gwargwadon cikar ruwa. Ƙaramin kwalekwale na filafili yana iya cusa hancinsa har kan tudu. Babban jirgi mai inji, irin wanda ke sauke kabewa da itace a gindin gadar Kennedy, yana bukatar zurfi. In bai samu ba, sai ya tsaya daga nesa, a yi ɗayan biyu: ko fasinja su naɗe wando su shiga ruwa da ƙafa, ko ƙananan jiragen fito su riƙa kwasar su kashi-kashi.

A nan ne lissafi yake. A ɗauka ƴan biki 40 ne a babban jirgi, ƙaramin da zai kwashe su kuma mutum 8 yake ɗauka. Sawu biyar ke nan. In kowane sawu, da lodi da zuwa da dawowa, ya ci minti 15, to na ƙarshe ba zai sauka ba sai bayan fiye da awa guda da isowa. Da yamma kuma a sake biyan wannan awar. Wanda ya ƙiyasta zai yi awa biyar a kan tsibiri sai ya tarar uku gare shi, ba tare da an yi wata tangarɗa ba. In akwai tsofaffi, da masu goyo, da kwanukan abinci, da rago, abin ya fi haka.

Matsalar ba ta talakan kogi ce kaɗai ba. Manyan jiragen yawon shaƙatawa na teku, masu ɗaukar mutane dubbai, in sun isa tsibirin da ba shi da tasha mai zurfi, kamar Santorini a ƙasar Girka, a tsakiyar ruwa suke tsayawa, ƙananan jirage su yi ta jigila. Ana raba wa fasinja lamba, waɗanda suka biya kuɗin yawo ta hannun kamfanin jirgin su ne kan gaba, saura su jira. Kuma ana sanar da lokacin jirgin fito na ƙarshe, wanda ya makara sai ya nemi hanyar da zai cim ma babban jirgin da kuɗin aljihunsa. A Mali ma, jiragen kamfanin COMANAV da ke tasowa daga Koulikoro zuwa Gao ƴan watannin cikar ruwa kaɗai suke aiki, kuma mai zuwa Tumbutu ba ya sauka a cikin gari: tashar Kabara tana samun jirgi ne in ruwa ya cika sosai, in ba haka ba sai Korioume, daga nan a nemi mota.

Jan ruwa da ruwan Gine

Abin da ya fi komai tasiri a kan lokacin sauka shi ne watan da ake ciki, domin a Yamai kogin Isa sau biyu yake cika a shekara.

Cikar farko ta damina ce, a watannin Agusta da Satumba. Ruwan saman da ya zuba a yammacin Nijar da gabashin Burkina Faso ne ke gangarowa ta rafukan Gorouol da Dargol da Sirba, ɗauke da jar ƙasa, shi ya sa ake kiranta jan ruwa. Tana zuwa da gaggawa: cikin kwana biyu ko uku gaɓar da aka sauka a kanta makon jiya ta nutse. Ruwan yana da ƙarfi, yana jan itatuwa da tarkace, injin jirgi yana shan wahala. Ita ce ke kawo ambaliya. A ma'aunin Yamai, in ruwa ya kai santimita 620 an shiga matakin gargaɗi mafi tsanani, a farkon Satumban 2020 kuwa ya kai kusan mita 7, abin da ba a taɓa aunawa ba, ya ci unguwannin Haro Banda irin su Lamorde da Kirkissoye. A irin wannan lokaci zuwa tsibiri don shaƙatawa ganganci ne, mazauna tsibiran kansu ake kwashewa.

Cika ta biyu ita ce ta ruwan Gine. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gine tun damina sai ya bi ta Mali, ya bazu a faffadan fadamar da ke tsakanin Mopti da Tumbutu, ya yi watanni yana tafiyar hawainiya, sannan ya iso Yamai da rani. Yakan fara hawa a Nuwamba, ya kai ƙololuwa wajen Janairu, ya fara ja da baya a Fabrairu. Wannan ne lokacin da ya fi dacewa da tafiya: ruwa ya cika amma a natse, jirgi yana isa har gindin gaɓa, sauka ba ta cin lokaci, ga sanyin hunturu. Illarsa biyu. Hazo yana rage gani da sassafe, matuƙa da dama ba sa son tashi sai ya ɗan washe. Sannan a wasu tsibiran ruwa yana shiga cikin ciyawar burgu da gonakin shinkafa, ya zama mashiga ɗaya ce tak, jirage su yi layi.

Daga Maris ruwa yana janyewa, ya kai ƙarshen ƙaranci a Mayu da Yuni. Duwatsu da tudun yashi suna fitowa, babban jirgi yana kewaye-kewaye yana neman hanya, wani wurin a kashe inji a ɗauki doguwar sanda ana turawa, wani wurin a ce maza su sauka a rage nauyi. Tafiyar da aka yi cikin awa biyu a Janairu tana iya cin rabin yini. Bayan an sauka kuma akwai tafiyar ƙasa a kan yashi mai zafi kafin a kai inuwa. Dattawan Yamai ba su manta watan Yunin 1985 ba, lokacin da kogin ya daina gudu gaba ɗaya a birnin, mutane suna ƙetarawa da ƙafa.

Hukumar ƙasashe tara masu raba kogin, ABN, wadda cibiyarta ke Yamai, tana fitar da bayanan matakin ruwa, gidajen rediyo kuma suna karanta gargaɗi in damina ta yi nisa. Amma labarin gaɓar wani tsibiri takamaimai, Sarkawa da masu fito na wurin ne ke da shi, kuma labarin jiya ya fi na makon jiya amfani. Tun da ba a fafe gora ranar tafiya, a kira matuƙi a waya da daren jajibiri a ji inda zai tsaya.

Hawa da gangara

Wani abin da ƴan birni ke mancewa shi ne zuwa da dawowa ba tsawonsu ɗaya ba. Boubon, garin masu tukwane da ke kimanin kilomita 25 daga Yamai ta hanyar Tillaberi, yana sama da birnin. Mai zuwa tsibirinsa ta ruwa yana hawa ne da safe, ya gangaro da yamma, ruwa na tura shi. Wannan da sauƙi: in safiya ta ci awa uku, yamma ba za ta kai haka ba. Mai zuwa wajen Libore ko Kollo ko Say kuwa akasin haka ne. Da safe ya sulale cikin daɗi, ya ɗauka haka dawowar za ta kasance, alhali da yamma zai yi kokawa da ruwa, mai yana ƙarewa, rana tana faɗuwa. Saboda haka da yawa daga masu zuwa Boubon suna tafiya da mota har bakin gari, su ɗauki kwalekwale na ƴan mintuna zuwa tsibirin da ke fuskantarsa. Daɗin tafiyar ruwa ya ragu, amma lokaci yana hannun mutum.

Faɗuwar rana ita ce iyakar da ba a ciniki a kanta. A Yamai, a watan Disamba rana tana faɗuwa wajen ƙarfe 6 da rabi, a Yuni kuma wajen 7 da minti 20, duhu yana biyo baya cikin ƙasa da rabin awa. Jiragen kogi kaɗan ne masu fitila. Don haka lissafin da ya dace daga baya ake faro shi: a sa lokacin da ake son a taka gaɓar gida, awa guda kafin magariba, a cire tsawon tafiyar dawowa, a cire lokacin lodi, a cire lokacin tara mutane, wanda kullum ya fi yadda ake zato. Abin da ya rage shi ne sa'ar barin tsibiri, kuma sau da yawa tana faɗowa daidai da la'asar. Ya fi kyau a yi sallar a tashi nan take. Da damina sai a ƙara matsowa da ita, domin hadarin gabas yawanci da yamma ko da dare yake tasowa, iska mai ƙura tana gaba, kuma iskar ce ke kifar da jirgi tun ruwan sama bai sauko ba.

Ranar kasuwa

Kasuwar Boubon Laraba take ci, ta Ayorou kuwa Lahadi. Ranar kasuwa jirage sun fi yawa, samun na zuwa ba wuya. Wuyar tana wurin dawowa. Matuƙi ba ya tashi sai jirgi ya cika, kuma cika a wurinsa ba cika a wurin fasinja ba ce: bayan mutane akwai buhuna, da tukwane, da dabbobi, da babura. Jirgin ƙarshe na yamma shi ne ya fi kowanne lodi, shi ne kuma ke shiga duhu. Wanda ya ga bakin jirgi ya kusa daidaita da ruwa, kwana a garin ya fi masa arha.

Ba tsoratarwa ba ce. A watan Fabrairun 2019 wani jirgi da ya ɗauko ƴan kasuwa daga Benin ya kife a yankin Sambera, jihar Dosso, mutane sama da 40 suka ɓace. A Yunin 2023, a Pategi ta jihar Kwara a Najeriya, kan wannan kogin dai, sama da mutane 100 suka rasu suna dawowa daga biki cikin dare. Rigar hana nutsewa har yanzu baƙuwa ce a yawancin jiragen fito, wanda zai tafi da yara gara ya nemo tasa daga gida.

Sai dorina. Da rana tana kwance cikin ruwa, da almuru take fitowa kiwo, ta komo da asuba, wato daidai lokacin da makararren jirgi ke neman gaɓa. Uwa mai ɗa ta fi haɗari. A Nuwamban 2014 dorina ta kifar da jirgi kusa da Libore, mutane 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara ƴan makaranta. Matuƙin da ya yi doguwar kwana don ya kauce wa inda suke taruwa ba ɓata lokaci yake ba, kuma wannan kwanar ma tana cikin lissafi.

Game da Ayorou, mai nisan kimanin kilomita 200 daga Yamai, wadda a da ita ce kan gaba wajen masu zuwa kallon dorina da kasuwa, maganar lokaci ta zama ta biyu. Sassa da dama na jihar Tillaberi suna ƙarƙashin dokar ta-ɓaci tun 2017, kuma tafiya can sai da larura da sanin hukuma.

Fiton Gaya

Inda ƴan Nijar suka fi jin wannan lissafi a jikinsu a ƴan shekarun nan shi ne Gaya, kimanin kilomita 300 daga Yamai. Yankin cike yake da tsibirai, kuma a kansu ne Nijar da Benin suka kai ƙara Kotun Duniya da ke La Haye, wadda a ranar 12 ga Yulin 2005 ta ba Nijar 16 daga cikin 25, har da Lete, ta ba Benin 9. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka rufe gadar da ta haɗa Gaya da Malanville. CEDEAO ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar ta bar nata a rufe. Matafiya suka koma ruwa: motar safa ta sauke su a Gaya, a hau babur ko mai ƙafa uku zuwa bakin kogi, a shiga jirgi, a sauka, a sake neman abin hawa zuwa tashar Malanville.

Ƙetarawar kanta gajeriya ce. Abin da ke cin lokaci shi ne binciken takardu, da cinikin kuɗin kaya, da jiran jirgi ya cika, da ƴan dako da ke sauke kaya ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci kayan mutum su biyo wani jirgin daban. Ɗalibi mai jarrabawa a Kwatano, ko ɗan kasuwa mai tikitin jirgin sama daga can, in ya bar tazarar awa guda tsakanin motar Gaya da ta Malanville, ya sa kuɗinsa a caca. Waɗanda suka saba hanyar suna barin Yamai da dare ko da asuba don su isa bakin ruwa da hantsi, suna riƙe da katin ɗan ƙasa da na allurar rigakafi a cikin leda, da ƙananan kuɗi a aljihun gaba, kuma ba sa shiga jirgi sai sun ga kayansu sun riga su shiga.