Takardun DDS da Amanar 'Yan Sanda a Njamena

A watan Mayu na shekarar 2001, wasu ma'aikatan ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, Reed Brody da Olivier Bercault, suka shiga wani tsohon gini a Njamena, babban birnin Chadi. Suka tarar da dubban takardu zube a ƙasa, ƙura ta lulluɓe su. Ginin shi ne hedikwatar DDS, hukumar 'yan sandan siyasa ta zamanin Hissène Habré. Da aka tantance takardun, sai aka samu sunayen mutane 1,208 da aka kashe ko suka mutu a tsare, da wasu 12,321 da aka azabtar ko aka kama ba bisa ƙa'ida ba. Ma'aikatan hukumar ne suka rubuta wannan shaida da hannunsu.

Habré ya ƙwace mulki a watan Yuni na 1982, ya kafa DDS a watan Janairu na 1983. Dokar da ta kafa ta ta sanya ta kai tsaye ƙarƙashin fadar shugaban ƙasa, don haka babu alƙali ko majalisa da ke da ikon tuhumar ta. A nan tushen ɓarnar yake. Hukumar ta buɗe gidajen tsare mutane a cikin birnin, mafi shahara shi ne wanda ake kira "La Piscine", wato wurin ninƙaya na zamanin Turawan Faransa da aka rufe samansa da siminti a 1987 aka mai da shi kurkukun ƙarƙashin ƙasa. An yi ta kama mutane saboda asalinsu: 'yan kudu a 1984, Hadjarai a 1987, Zagawa a 1989. Daga cikin fursunonin akwai Rose Lokissim, wadda take rubuta sunayen waɗanda suka mutu tana aikawa waje a asirce, har aka gano ta aka kashe ta a 1986.

Da Idriss Déby ya kori Habré a watan Disamba na 1990, sai aka kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mahamat Hassan Abakar. Rahotonsa na 1992 ya ƙiyasta cewa an hallaka mutane kimanin 40,000, ya kuma ba da shawarar a raba tsoffin jami'an DDS da aikin tsaro. Ba a bi shawarar ba. Da yawa daga cikinsu suka koma aikin 'yan sanda da sauran hukumomin gwamnati, wanda aka azabtar jiya yana haɗuwa da mai azabtar da shi sanye da kaki a kan titi. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu. Mutumin da ya san haka ba zai ɗauki ƙararsa ya kai caji ofis ba.

Abin da ya sami lauya Jacqueline Moudeïna ya nuna zurfin matsalar. Ita ce take wakiltar waɗanda aka zalunta a ƙarar da suka shigar kan tsoffin jami'an. Ranar 11 ga Yuni, 2001, tana cikin wata zanga-zangar lumana ta mata a gaban ofishin jakadancin Faransa, aka jefa gurneti ya ji mata mummunan rauni. Kwamishinan 'yan sandan da aka tuhuma, Mahamat Wakaye, tsohon jami'in tsaro ne na zamanin Habré, kuma kotu ta wanke shi a 2003. Sai a 2005, bayan Human Rights Watch ta wallafa sunayen tsoffin jami'ai 41 da ke riƙe da muƙamai, gwamnati ta yi alƙawarin sauke su.

Duk da haka waɗanda aka zalunta ba su karaya ba. Souleymane Guengueng, wanda shi ma ya sha zaman kurkuku, ya tattara bayanan ɗaruruwan mutane tun farkon shekarun 1990. Ranar 25 ga Maris, 2015, wata kotu a Njamena ta sami tsoffin jami'ai 20 da laifi, ciki har da Saleh Younous, tsohon daraktan DDS, wanda aka yanke wa ɗaurin rai da rai. Kotun ta ba da umarnin a biya mutane 7,000 diyyar sefa biliyan 75, gwamnati ta ɗauki rabi, a gina abin tunawa da mamatan, a kuma mai da hedikwatar DDS gidan tarihi. Ranar 30 ga Mayu, 2016, kotun musamman ta Afirka da ke Dakar ta yanke wa Habré kansa ɗaurin rai da rai. Ya mutu a 2021 ba a biya kowa ko sisi ba. Sai a 2024 gwamnati ta fara rabon sefa biliyan 10, abin da bai kai kaso ɗaya cikin bakwai na hukuncin Njamena ba.

Kafin wannan biya, birnin ya sake ganin jini. Ranar 20 ga Oktoba, 2022, jami'an tsaro suka buɗe wuta kan masu zanga-zangar adawa da tsawaita mulkin riƙon ƙwarya na Mahamat Idriss Déby. Da farko gwamnati ta ce mutane kusan 50 ne suka mutu, amma hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta ƙidaya 128. Aka kwashe ɗaruruwan matasa zuwa kurkukun Koro Toro da ke cikin hamada. A watan Nuwamba na 2023 aka zartar da dokar afuwa da ta rufe ƙofar tuhumar waɗanda suka yi harbin.

Shari'ar 2015 ta yiwu ne domin an samu shaida a rubuce, an samu mutanen da suka jure shekara 25 suna bibiyar haƙƙinsu, an kuma samu kotun da ta saurare su. Iyalan mamatan 2022 suna da shaidu da sunaye, amma dokar afuwa ta hana su kotun. Muddin haka lamarin yake, mazaunin Njamena zai ci gaba da auna ɗan sanda da abin da ya gani a 1987 da 2022.