Asalin Kalma: Akawu

Ko da yake alƙali da shari'a da hukunci duk daga Larabci muka aro su, shi wannan bawan Allah da ke zama gefen alƙali yana rubuta da'awa da shaida, wato akawu, sunansa daga Yarbanci ya zo, domin Yarabawa akowe suke kiran marubuci. Kalmar ta yaɗu a zamanin Turawa, musamman bayan da dogo ya iso Kano a 1911, sa'ad da ma'aikatan Kudu suka cika ofisoshi da kantuna. Yau ko wanda aka ɗauka na wucin gadi, mai zuwa ranakun zaman kotu kawai, akawu ake ce masa, kuma amanar da ke wuyansa ba ta gaza ta na dindindin ba.