Daga Bakin Fensir Zuwa Batirin Waya

Lokacin da rikicin man fetur na 1973 ya sa farashi ya yi tashin gwauron zabi, kamfanin mai na Exxon a Amurka na da wani masani ɗan Ingila, Stanley Whittingham, yana binciken yadda za a adana lantarki. Ya ɗauki wani sinadari na titaniyam da farar wuta, wanda ƙwayoyinsa ke jere shimfiɗa-shimfiɗa kamar tabarmi da aka jibga ɗaya kan ɗaya. Ya gano cewa ƙwayoyin litiyam na kutsawa tsakanin shimfiɗun su zauna, su kuma fita idan an buƙata, ba tare da sun rusa tsarin ba. Shiga da fitar nan ita ce caji da ƙarewar caji, kuma har gobe a kanta batiran wayoyinmu ke aiki.

Batirin Whittingham bai yi ƙarko ba. Ɗaya gefensa zallar ƙarfen litiyam ne, mai fitar da tsirarrun allurai da ke haɗa gefe da gefe har wuta ta tashi. Da man fetur ya yi araha, Exxon ya janye. A 1980 John Goodenough a Jami'ar Oxford ya samo wani sinadarin mai shimfiɗu na litiyam da kobalt, mai ba da kusan volt 4. A 1985 Akira Yoshino a Japan ya cire zallar litiyam ɗin ya sa kabon a madadinsa, sannan Sony ya kai batirin kasuwa a 1991. Su ukun suka raba kyautar Nobel a 2019, Goodenough na da shekara 97. An bar Rachid Yazami na Maroko a baya, alhali shi ne tun 1980 a Faransa ya nuna cewa girafait, baƙin abin da ke bakin fensir, na karɓar litiyam ya mayar. A ganina an rage masa haƙƙinsa.

Sai 2004, a Jami'ar Manchester, Andre Geim da Konstantin Novoselov suka yi ta manna salatif a jikin girafait suna ɓanɓarewa, har suka ware shimfiɗa guda mai kaurin atam ɗaya, wato girafin. Masu batir suka yi caa a kai. Lissafinsu mai sauƙi ne: a girafait, atam shida na kabon ke riƙe litiyam ɗaya, amma shimfiɗa tilo tana da fuska biyu a buɗe. A 2011 kuma, a Jami'ar Drexel, Michael Naguib ɗan Masar da malamansa Yury Gogotsi da Michel Barsoum suka narkar da alminiyam daga wani sinadarin titaniyam da ruwan asid, suka samu sabbin shimfiɗu da ake kira MXene.

Abin da ya hana ruwa gudu shi ne, shimfiɗun da aka wahala wajen rabawa suna sake mannewa da zarar an bushe su, kuma faɗin fuskarsu na cinye litiyam mai yawa tun a cajin farko. Shi ya sa tsohon girafait ke riƙe da kasuwa har yanzu. Inda sabbin ke da dama shi ne batirin sodiyam, sinadarin gishiri mai araha wanda girafait ba ya karɓa sosai. Ko a can ma, batirin da kamfanin CATL na Sin ya bayyana a 2021 da kabon mai tauri aka yi shi.